Jirgin rimot ɗina yana kurmancewa a sama, ga shagon da na kai shi a Garwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar wani shagon gyara nake so in yi, yana nan Garwa ta bayan babbar kasuwa a layin masu gyaran waya, saboda na lura in ɗan jirgin nan na rimot ya samu matsala yawanci sai a jefa shi bayan ɗaki a ce ya mutu alhali abin da ke damunsa bai taka kara ya karya ba. Ba shagon jirage ba ne fa, kar wani ya je yana neman fuka-fuki a rataye. Wani dattijo ne da ya daɗe yana gyaran rediyo da tele tun zamanin masu ƙaton baya, yanzu ya haɗa da fanka da caja da fitilun sola, yaronsa kuma yana gefe da tebirinsa na wayoyin hannu. Ra'ayina tun kafin in yi nisa, in matsalarka ta wuta ce ko ta sarbo, wato ƙananan injinan da ke motsa marafan jirgi, ko ta wayoyin ciki to ka kai masa ka kwantar da hankalinka, amma in so kake a saita maka yadda jirgi zai zauna daidai a iska wannan ba fanninsa ba ne kuma shi da bakinsa zai gaya maka haka.

Jirgin nawa na hannu ne, wajen wani da zai bar gari na saya, a haɗe ya zo. Na fom ne mai fiffike a sama irin na masu koyo, daga wannan bakin fiffike zuwa wancan kamar mita ɗaya. Injinsa 2212 ne mai 1400KV, da ESC, wato abin da ke sarrafa gudun inji, na amfiya 30 marar ko suna a jiki, batir LiPo 3S, wato mai sel uku, 1500mAh, sai sarbo huɗu ƙanana masu giram 9, biyu a fuka-fuki suna jan eleron, wato marafan bayan fiffike masu karkata jirgi hagu ko dama, ɗaya yana ɗaga marfin wutsiya mai sa jirgi hawa da sauka, ɗaya kuma na marfin da ke tsaye mai juya hanci hagu da dama. Rimot ɗin FlySky FS-i6 ne da risibarsa FS-iA6B, wato abin da ke cikin jirgi yana karɓar umarnin rimot. Abin da yake yi shi ne da safe a ƙasa komai lafiya lau, ka taɓa sanda ya amsa nan take, ka tashe shi ya yi 'yan mintuna yana tafiya sumul, can sai kawai ya kurmance, inji ya ɗauke, ka ja sanda ka tura babu abin da ke motsi na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya farfaɗo ya ci gaba kamar ba shi ba. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba zai ce daƙiƙa biyu ai ba komai, amma jirgin da hancinsa ke kallon ƙasa wallahi a daƙiƙa biyun nan yake gama da kai. Bayan wannan akwai matsala ta biyu, wutsiyar ba ta zama inda ka saita ta, yau ka gyara tirim, wato ɗan saitin rimot da ke daidaita tsakiyar marfi, ya tafi daidai, gobe da rana sai ka ga yana ɗaga hanci shi kaɗai, in ka tura sanda gaba don ya sunkuya sai ya yi nawa kafin ya bi.

Shawarwari kam na sha su. Wani ya ce rimot ɗin ne ya tsufa in sayi sabo, wani ya ce dogayen eriyoyin kamfanin waya ne ke cinye masa siginal, wani ma cewa ya yi ai daga filin jirgi ake toshe shi. Duk wanda ka tambaya abu mafi tsada yake nuna maka ka canja.

Abin da ya fara burge ni da dattijon nan, kafin ma a jona batir sai da ya sa aka kwance farfela. Ya ce shi bai taɓa gyara jirgi ba amma ya gyara fanka ba adadi kuma ba ya kunna abu mai fuka-fuki masu kaifi a kan tebir yana kallon fuskarsa. Wannan ita ce doka ta farko a wasan nan gaba ɗaya, farfela mai inci 8 a kan injin nan tana tsaga yatsa har ƙashi, kuma a lokacin gwaji ne inji ke tashi ba ka shirya ba. Na ce masa, Baba ni fa rimot ɗin nake zargi. Ya ce, to ɗana bari mu fara da shi ɗin, in ya fita sai mu wuce gaba. Ya auna batir huɗun nan na AA ɗaya bayan ɗaya, yaron kuma ya shiga menu ya buɗe wurin da ke nuna layukan kowane canel, wato hanyar umarnin kowane motsin sanda, a allo, muka riƙa motsa sanduna a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe muna kallo ko layin zai yi tsalle ko ya tsaya a hanya. Babu tsalle, duka huɗun suna tafiya sumul suna komawa tsakiya. Nan take rimot ya fita daga zargi, kuma da na bi maganar mutane da tuni na zuba kuɗi a sabon rimot matsalar tana nan zaune.

Daga nan ya koma kan sarbo, kuma a nan na ga aikin mai gyaran rediyo na gaske, da kunne yake aiki. Ya sa yaron ya kashe waƙar da ke tashi a shagon, ya kara kunnensa a jikin jirgin ya ce in ja sandar hawa har ƙarshe in riƙe. Sarbon wutsiya yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, zzzz, bai daina ba har sai da na saki. Ya ce wannan yana tura abin da ya riga ya kai bango, yana ta cin wuta a banza. Haka ne kuwa, marfin ya kai iyakar lanƙwasarsa amma sarbon yana so ya ƙara gaba saboda a rimot an bar masa tafiyar da ta wuce abin da marfin zai iya. Sai ya kama marfin da yatsu biyu ya ɗan girgiza shi sama da ƙasa, ya yi lako-lako, alhali sarbo mai wuta a jiki ya kamata ya riƙe marfi gam. Ya haska cikin jirgin da tocila ya ce in leƙa. Abu biyu na gani da idona. Na farko sarbon kansa yana motsi a mazauninsa, wanda ya haɗa jirgin da gam ɗin kyandir mai zafi ya liƙe shi, gam ɗin ya saki ta gefe ɗaya ya yi wani danƙo duk ƙura ta manne masa. A ƙasashen sanyi gam ɗin nan yana yi musu aiki, amma nan Garwa da watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ka ajiye jirgi a rana ko ka ɗauro shi a bayan moto, ai dole ya yi laushi. Shi ya sa da safe tirim ke zama daidai, da rana sarbon ya zame ya tafi da saitin. Na biyu siririyar wayar ƙarfen da ta taso daga sarbo zuwa wutsiya, doguwa ce kuma babu abin da ya tallafe ta a tsakiya, in an ja ta tana aiki amma in an tura ta sai ta lanƙwashe kamar ɗanyen karan dawa, a ƙasa ba ka gani sosai don babu iskar da ke danne marfin, sai da ya tare marfin da yatsa sannan na ga yadda take yin baka.

Gyaran da ya yi wa wannan ya min daɗi don ba a sayi komai ba. Ya kankare tsohon gam ɗin tas, ya yanka ɗan siririn katako ya liƙa a mazaunin da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa, bayan ya bushe ya ɗaure sarbon a kai da ƙananan sukurori biyu ta kunnuwansa yadda aka yi shi a ɗaure. Wayar ƙarfen kuma ya ciro bututun tawada na tsohon biro ya wanke ya yanka gida biyu ya zura mata, ya kafe su a jikin fom ɗin a tsakiyar hanya, yanzu tana zamewa a ciki amma ba ta da wurin lanƙwasa. Sannan aka kunna komai da tirim a tsakiya, ya cire hannun sarbon ya mayar da shi a miƙe daidai kusurwa da wayar, yaron ya rage iyakar tafiyar canel na 2 a rimot har gurnanin ya ɗauke.

Sarbon eleron na hagu kuwa da aka zo kansa yana tafiya yana tuntuɓe a wuri ɗaya. Ya kwance dogayen sukurori huɗun da ke ƙasansa a kan farar takarda, ya jera giyoyin roban a jere yadda ya ciro su don kar su rikice, sai ga ɗaya haƙorinta ya guntule, guntun yana kwance cikin man giris. Ba a gyara wannan, canja shi ake yi, kuma sa'a tsohon mai jirgin ya haɗo min da sarbo ɗaya na ajiya. Na tambaye shi ko in maye su duka da masu giyar ƙarfe irin MG90S, ya ce shi a ganinsa wutsiya kawai ta cancanci haka, don masu ƙarfen sun fi nauyi kuma in jirgi ya faɗi gara haƙorin roba ya karye da a ce fiffike ya yage. Ni ma na yarda da wannan.

To amma duk wannan bai bayyana kurmancewar ba, kuma a nan ne na tabbatar mutumin nan ya san wuta. Ya tambaye ni daga ina risiba da sarbo ke samun wutarsu tunda batir ɗaya ne kawai a jirgin. Na nuna masa wayar nan mai launi uku da ta fito daga ESC ta shiga canel na 3, baƙa ita ce negatif, fara mai kai umarni, ja kuma ita ke kawo bolt 5 daga wani ɗan sashe da ke cikin ESC ɗin da ake kira BEC. Ya karanta jikin takardar ESC ɗin, an rubuta 5V 2A. Ya soka bakin mitarsa ta auna wuta a wani canel da ba kowa a kai, ta nuna 5.0, ya ce in damƙi sanduna biyun in riƙa juya su duka lokaci ɗaya da sauri. Lambar ta ɗan sauka ta dawo. Ya taɓa ESC ɗin da bayan yatsa ya ce ya fara ɗumi tun inji bai ma tashi ba. Sai ya karɓi injin iska mai zafi da yaron ke ɗaga IC na waya da shi, ya rage shi, ya tsaya nesa-nesa yana ɗan hura wa ESC ɗin don ya kai zafin da yake kaiwa in yana rufe cikin fom da tsakar rana, ni kuma ina ta juya sanduna, ya ce yaron ya ɗan tare marfin wutsiya da yatsa a madadin iska. Ba a jima ba mita ta faɗo ƙasa da 4, fitilar risiba ta ɗauke, sarbo duka suka tsaya cak, can ta dawo suka ci gaba. Abin da yake min a sama ke nan sak, ga shi a kan tebir a gabana. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi, don ciwon da ya daɗe yana ba ni tsoro ne aka kamo shi da hannu.

Ya ɗauki biro ya yi min lissafin a bayan kwali. Batir 3S in ya cika bolt 12.6 ne, ana so a mai da shi 5, irin wannan BEC ɗin mai arha kuma ba ya da wata dabara illa ya ƙone ragowar 7.6 ɗin ya zama zafi, kenan in sarbo suka ja amfiya ɗaya to wat 7.6 na zafi ne ke taruwa a kan 'yan ƙananan abubuwan da ba su kai ƙwayar wake ba, kuma an yi su ne in sun yi zafi da yawa su kashe kansu har su huce. Ƙaramin sarbo ɗaya in ya maƙale yana iya jan sama da rabin amfiya shi kaɗai, ga huɗu, ga ɗaya yana gurnani ba hutu, ga ɗaya mai karyayyen haƙori, ga zafin injin, ga zafin garinmu. In wuta ta faɗi risiba sai ta mutu ta sake tashi ta nemo rimot, wannan ɗan lokacin shi ne kurmancewar. 2A ɗin da ke rubuce ba ƙarya ba ce lallai, amma a batir 2S mai bolt 7.4 da iska mai sanyi ake samun ta cikin sauƙi, ba a 3S cikin watan azabar zafi ba. Duk mai jirgi a arewacin Kamaru ko Chadi ya riƙe wannan, in jirginka yana ɗaukewa bayan ya yi 'yan mintuna a sama kuma abin ya fi yawa da rana, ka auna bolt 5 ɗin nan kafin ka taɓa aljihunka.

Maganinsa shi ne a ba risiba wutarta daban da UBEC, ɗan ƙaramin abu mai bolt 5 amfiya 3 wanda ke sauke wuta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, shi ba ya tara zafi irin wancan. A nan ne matsalar shagon ta farko ta fito, ba shi da kayan. Babu UBEC, babu sarbo, babu farfela, babu ko fulogin batir, komai kai za ka nemo. Yana da wani modul LM2596 da yake sa wa kayan sola, ya ce zai iya saita shi a bolt 5 amma shi da kansa ya hana ni, ya ce ya yi wa jirgin nauyi kuma ɗan sukurun saitinsa in ya goce da girgiza wuta ta haura sai ta ƙone risiba da sarbo gaba ɗaya. Na ji daɗin wannan gaskiyar don wani da tuni ya liƙa min ya karɓi kuɗinsa. Sai da na yi oda ta intanet aka aiko ta Duwala aka sako a motar haya, jira dai na yi shi ba kaɗan ba, wanda ke da ɗan uwa mai zuwa Yola ko Kano ya fi sauƙi ya ba shi saƙo. Da kayan ya iso ya liƙa wayoyinsa biyu da dalma a wayoyin batir na ESC, liƙi mai sheƙi ba dunƙule ba, ya rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Sannan ya ɗauki allura ya ɗaga ɗan harshen roba na fulogin ESC ya zaro jar wayar ya naɗe ta da salatif, don kar wuta biyu su haɗu a risiba ɗaya, UBEC ɗin kuma ya shiga ramin B/VCC. Aka maimaita gwajin iska mai zafi har ya fi na farko, mita ba ta bar 5 ba.

Eriyoyin risiba ma ya duba su ba tare da na ce ba, abinka da mai rediyo. Duka biyun an cusa su ne a gefen batir an naɗe su tare da wayoyin inji. Ya ce ɗan bakin nan na ƙarshe kusan santimita 3 shi ne eriyar, sauran duk waya ce kawai, kuma batir da ƙarfe suna tare siginal na 2.4GHz. Ya huda fom ɗin ya fito da ɗaya tana kallon baya ɗaya tana kallon gefe yadda suka yi kusurwa, ta haka duk yadda jirgi ya juya ɗaya za ta ji. Yaron kuma ya saita abin da jirgi zai yi in siginal ya yanke, inji ya mutu marafai su koma tsakiya, muka gwada ta hanyar kashe rimot farfela tana cire, injin ya tsaya. Ga wani abu ga masu FS-i6, in ka canja saiti sai ka danna Cancel ka riƙe sannan yake ajiyewa, in ka taɓa shi sau ɗaya kawai fita zai yi ya watsar da abin da ka yi. Kuma a sani wannan saitin yana ceto ne in siginal ya yanke, in wutar risiba ce ta faɗi babu abin da zai iya yi tunda ita kanta a mace take.

Inda iliminsa ya tsaya shi ne abin da ya shafi iska. Da na ce Baba ko za ka duba min nauyin gaba da baya, sai ya yi dariya ya ce ɗana wannan kuma sai ku matuƙa. To wannan kai za ka yi da hannunka kuma kar ka tsallake shi, musamman bayan an ƙara katako da UBEC an matsar da wayoyi. Ka sa batir a wurinsa, ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga bakin gaba, nawa faɗinsa santimita 20 ne kenan tsakanin 5 da 6 da rabi, ya zauna daidai ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Jirgin da bayansa ya fi nauyi yana ɗaga hanci yana faɗowa yana wujijjiga, mutum ya rantse rimot ne alhali batir ne ya zame baya. Haka ma alkiblar marafai, ka tsaya a bayan jirgin, sanda dama eleron na dama ya tashi na hagu ya sauka, ka jawo sanda marfin wutsiya ya tashi, in ɗaya ya saɓa ka juya canel ɗinsa a menu, kuma kowane tashi sai ka sake dubawa balle ranar da aka canja sarbo. In kuma jirgin ya cika zafin amsawa, ka matsar da wayar ƙarfen zuwa ramin ciki na hannun sarbo ko ramin waje na ƙahon marfi, tafiyar za ta ragu kuma sarbon ya samu sauƙi.

Tun da aka gama nake tashinsa har da rana tsaka da gangan don in ga ko zai sake, bai sake ɗaukewa ba, tirim ɗin wutsiya kuma yana nan inda na bar shi. Wajen gari nake fita ta hanyar Pitowa inda gonaki suke fili bayan girbi. Don Allah kar kowa ya tashi abin nan kusa da filin jirgin sama ko sansanin sojan sama da ke garin nan, ko kan gidajen mutane, halin tsaron yankinmu kowa ya san shi kuma abu mai tashi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya jawo maka tambayoyi. In ƙauye ka je ka fara gaida jauro, wato mai gari, ka nuna masa abin a hannu. Yashin bakin Binuwai da rani yana da daɗin sauka amma maganaɗisun injin yana kwasar baƙin yashi, dattijon ya nuna min shi manne a ciki ya ce in riƙa sharewa da tsohon buroshin haƙori.

Kuɗin aikinsa jaka uku na sefa ya karɓa duka har da zuwa na biyu, ban da kayan da na sayo, kuma ban yi ciniki ba don a ganina aikin ya fi haka. Abubuwan da ba su min ba kuwa, lokaci ba ya da tabbas a wurinsa, in ya ce bayan azahar to ka ɗauka la'asar, kuma in mai fanka ko mai tele ya shigo sai ya ajiye naka ya sallame shi tukuna. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke aikin dalma ya tsaya ke nan sai ya dawo. Shagon matsattse ne ga ƙura ga tsofaffin tele har rufi, babu inda za a ajiye fiffike mai mita ɗaya lafiya, ni cire nawa nake yi in riƙe a cinya, kuma ban ba kowa shawarar ya bar jirgin fom ya kwana a can ba, ba don rashin amana ba sai don wani zai iya ɗora masa rediyo a kai. Batir LiPo ma bai saba da shi ba, ba shi da cajar da ke daidaita sel-sel, saboda haka kar ka bar masa caji, ka zo da naka a cike, kowane sel bolt 4.2, in kuma ya kumbura kar ma ka shigo da shi cikin kasuwa.

Wanda zai je ya tafi da safe kafin layin ya cika, ban da Juma'a, ya haɗa komai a jaka ɗaya, jirgi da rimot da batir da ɗan fulogin haɗa risiba da rimot da duk wani sarbo na ajiya, ya kuma zauna a yi gwajin a gabansa don shi ne zai riƙe sanduna, dattijon mita da kunne kawai yake riƙewa. Sarbon marfin tsaye nawa har yanzu yana ɗan karkarwa a tsakiya in jirgi yana ajiye, ya saurare shi ya ce ƙura ce ta shiga abin da ke auna juyinsa a ciki, zai iya tashi da shi a haka amma in sa sabo cikin odar gaba, na kuwa sa guda biyu har da mai giyar ƙarfe na wutsiya.